Yashin Bakin Ruwa da Daɓen Inna

Ruwa ake yi ranar da na sauka ƙasar Holan, irin siririn ruwan nan da ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Na ja akwatina har ƙofar gidan da aka ce an kama mini ɗaki, na duba lambar, na sake dubawa. Shagon gyaran kekuna ne.

Wanda ya yi mini wannan aika-aika ba bare ba ne, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai. A waya muka haɗu tun ina Anka. Ya ce shi mutumin Gummi ne, ya daɗe a Turai, kuma Hausarsa tamu ce sak. In mutum ya ce maka "kak ka damu, ɗan'uwa" da harshen garinku, ai kunya ma ba za ta bar ka ka nemi shaida ba. Na tura masa abin da ya nema. Ranar da na iso, lambarsa ta daina shiga.

Matar da ke shagon, hannunta duk baƙin mai, ta karanta takardar da na miƙa mata ta girgiza kai. Ta ce ba ni ne na farko ba. Ta zaunar da ni kusa da abin ɗumama ɗaki, ta ba ni shayi ba madara da biskit guda ɗaya tal, sannan ta yage kwali ta zana mini hanyar wani masallaci. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

A masallacin nan na gamu da Baba Awudu, dattijo mutumin zangon Kumasi, wanda ya tsufa a ƙasar. Ya ji ina magana ni kaɗai da Hausa, ya juyo ya ƙare mini kallo tun daga hula har ƙasa.

"Daga ina?"

"Zamfara, Baba."

"Zamfara, kai ka zo garin nan da takalmin zuwa biki? Tashi mu je gida kafin sanyi ya cinye ƙafanka."

Tun daga ranar sunana ya ɓace. Lawali ne a takarda, amma a bakinsa ni Zamfara ne, kuma doguwar kujerar falonsa ta zama gadona.

Karatun lafiyar al'umma ne ya kai ni, amma ba shi kaɗai ba. Ina da wata niyya: in yi aiki a gefe, in gina ɗaki biyu a Anka, in ɗauke mahaifiyata daga gidanmu na Yargalma. Ina saurayi gubar dalma ta shigo ƙauyenmu. Dutsen zinari mai ɗauke da dalma ake kawowa cikin gidaje, ana niƙa, ana daka a turmi, garinsa yana sauka inda yara ke rarrafe. Kowa ya ɗauka arziki ne ya zo. Balki, 'yar autar Inna, ba ta kai ga iya magana sosai ba ta fara jijjiga, ta tafi. Daga baya masu agaji suka zo, aka kankare ƙasar gidaje da fartanya, aka zuba a buhuna aka kai rami, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Suka ɗora wata na'ura mai kama da bindiga a tsakar gidanmu suka ce ya yi tsabta. Ni dai ban yarda ba.

Da na yi aure a Anka muka sami 'ya mace, na sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Na yi rantsuwa a zuciyata ƙafarta ba za ta taka gidan nan ba. Da farko Inna kan hau mashin ta zo ta gan ta. Sai gwiwa ta kama ta, hanya kuma ta lalace da rashin tsaro, zuwan ya yanke. Na ce ta dawo wurinmu, ta ƙi.

"Ni ba ni barin gidanga," in ji ta. "Nan anka kawo ni, nan ubanka yab bar ni. Ka kawo min takwarata in gan ta tana tahiya tsakar gidana, shi ɗai nika so."

"Inna, ƙasar gidanga ita tac ci Balki."

"Waccan an kwashe ta, da idonka kag gani."

A haka muka rabu, ita ba ta sauko ba, ni ban sauko ba.

Hunturun farko ya ba ni wuya. Rana ta yi ta wasan ɓuya, a fita da duhu a dawo da duhu. Na faɗi a kan keke har na daina jin kunya. Na yi kewar fura da nonon Fulanin maƙwabtanmu har na gwada dama garin hatsinsu da yogot, Baba Awudu ya ɗanɗana ya ce in rufa wa Zamfara asiri kada in ba kowa. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Mutum ya wuce ka a matakala, ku haɗa ido, ba sannu ba ina kwana. Na nemi aiki a wurare da dama, ana yi mini murmushi ana cewa za a kira ni.

Da sanyi ya fara sauƙi, Baba Awudu ya ce in shirya, ana neman mai shara a inda yake aiki. Muka hau jirgin fito, mutane da kekunansu suka cika shi. Na sa hannu a aljihu ina jiran mai karɓar kuɗi, Baba ya buge mini hannu ya ce kyauta ne. Ni da na saba da cinikin masu kwalekwale a mashigin gulbi, sai da muka sauka na yarda.

Wurin tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ce. Baba ya ce lokacin da ya zo ƙasar, kango ne, sai tsatsa da ciyawa da ɓeraye, ko da rana ba a son ratsawa. Abin da na gani kuwa ya tsayar da ni. Wata ƙatuwar rumfa ce ta ƙarfe da jan bulo, tsayinta ya fi hasumiyar masallacin Juma'a. Ba su rushe ta ba. A sama sun jera ofisoshi na gilashi kamar ɗakunan tantabara, kana hango mutane a gaban kwamfuta. Ƙasa kuwa a buɗe take ta kowane gefe. Ga teburan cin abinci, ga ɗakin karatu, ga wurin da tsofaffi ke buga dara irin tasu, ga filin yashi na yara. A waje an shimfiɗa katako har cikin ruwa, da tsani na masu iyo. Tsohon injin ɗaga kaya ma an bar shi a tsaye, an yi masa matakala, ana hawa a kalli birnin.

Na tambayi Baba ina ƙofar shiga.

"Ka riga ka shiga," in ji shi.

"To ina maigadi?"

"Ya tsare wa? Zamfara, ɗauki tsintsiya."

A sakatariyar da nake aiki a gida, kafin ka kai ga ofis sai ka wuce ƙofa, ka wuce maigadi, ka wuce masinja, kowa na tambayar wa kake nema, mai tallan gyaɗa kuwa ko inuwar bango ba a bari ta sha. A nan na ga mutumin da ba shi da aikin yi ya zo ya zauna a kujera ɗaya da shugaban kamfani, ba wanda ya ce ya sayi ko ruwa. Da bazara ta shigo, na ga abin da ya fi wannan. Tsakar rana sai ma'aikata su sauko daga sama, mutum ya tuɓe kwat ya ninke, ya faɗa ruwa, ya fito ya goge jiki ya koma taro. Ni dai kawar da kai nake yi, don shigar iyonsu ba ta kallon ɗan Musulmi ba ce, amma na yi mamakin ruwan da jirage suka ɓata shekara da shekaru ya dawo har ana wanka a ciki.

Shugabar wurin wata doguwar mace ce, Marike, da keke take zuwa kamar kowa. Wata rana ta same ni ina gyara yashin yara da manjagara, na yi ƙarfin hali na tambaye ta wa ke biyan duk wannan. Ta nuna sama da yatsa. Ta ce hukumar birnin ce ta kafa sharaɗi tun farko: duk kamfanin da ke son ofis mai kallon ruwa, sai ya bar ƙasa ga jama'a, kuma daga hayar sama ake kula da ƙasa. Ta ce a da kamfanonin sun yi ta ƙorafin hayaniyar yara, yanzu kuwa layi ake bi kafin a sami ofis. Gaskiya abin ya burge ni, na yi ta tunanin bakin gulbinmu da muka juya wa baya muna zuba masa shara.

A cikin masu zuwa kullum akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Oma, wato kaka. Takan turo jikarta a keken yara gab da tsakar rana, uwar yarinyar ta sauko daga ofis su ci abinci tare a bakin yashi. Yarinyar sa'ar Ummi ce, ko ta ɗan gaza ta. Nakan yi shara a kusa da su da gangan, don in ji dariyarta.

Ranar da abin ya faru, an sa ni goge hotunan da ke jikin bangon rumfar, hotunan ma'aikatar tun tana aiki. A ɗaya na ga maza a kan tsani suna shafa wa jirgi jan fenti. Ƙarƙashinsa akwai bayani da harshensu da Turanci. Na karanta: fentin nan da dalma ake haɗa shi, kuma shekara da shekaru ana kankare shi yana zuba a wannan fili, har ƙasar ta zama guba. Ban kai ƙarshen rubutun ba. Tsumman gogewar ya faɗi daga hannuna. Na juya, sai ga jikar Oma a gefen yashi, ta tona rami da ɗan cokalinta, ta damƙo ƙasa ta kai baki.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na sure ta, na ruga famfo, na sa yatsa ina kwakule mata baki, ina wanke mata hannu, ina ihu da Hausa: "Tohe! Tohe shi!" Yarinyar ta tsala kuka. Uwar ta zo a guje ta fizge ta, wani ƙato ya riƙe mini hannu ta baya, mutane suka taru, na sama suka leƙo ta gilashi. A garinmu duk babba uban yaro ne, in ka ga ɗan wani zai faɗa wuta ba ka neman izini. A can kuwa baƙon namiji ya ɗauki 'yar mutane ya ruga da ita, babu abin da ya fi wannan muni.

'Yan sanda suka zo, suka yi mini tambayoyi cikin ladabin da ya fi zagi ban tsoro. Marike ta ce in zauna a gida har iyayen su yanke shawara. A jirgin fito, da muka kusa sauka, Baba Awudu ya juyo gare ni.

"Zamfara, ni na kawo ka. In sun kore ka, ni ma fuskana ya tafi. Me ya shiga kanka?"

Na ba shi labarin Balki. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Kwanakin nan na zaman jira sun fi hunturu tsawo. In aikin ya tafi, ginin Anka ya tafi, in maganar ta kai makaranta, wataƙila karatun ma ya bi. Ke nan Inna za ta ci gaba da zama can, Ummi nan, har Allah ya ɗauki ran ɗaya. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushin wurin da na so. Na ce ashe duk kyan nan a kan guba aka shimfiɗa shi.

Sai Marike ta kira ta ce in zo da safe, Oma ce ke son ganina. Na same su a bakin yashi su uku, uwar yarinyar ta harɗe hannu, fuska ba annuri. Na ba da haƙuri. Oma ta ce ba haƙuri ta zo ji ba, so take ta san me na gani. Na faɗa musu komai da guntun Turancina, turmin, da jijjigar, da buhunan ƙasa. Na ce ina da 'ya kamar tasu, ba ta taɓa shiga gidan kakarta ba.

Oma ta miƙe ta ce in biyo ta. A gefen fili masu shuka itatuwa sun haƙa rami mai zurfi, ya kai ƙugun mutum. Ta ce in shiga in share ƙasan da hannu. Na shiga na share, sai ga wani ƙyalle mai ruwan goro, mai kauri, a shimfiɗe. Marike ta ce duk abin da ke saman ƙyallen nan daga wani wuri aka kawo shi. Tsohuwar ƙasar an kwashe ta an tafi da ita a jirage, ƙyallen kuma alama ce ga duk mai haƙa cewa ya tsaya nan. Ta ce har yanzu ana zuwa ana aunawa lokaci lokaci, ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton mai awon. Na'urar nan ce mai kama da bindiga. Ita ce dai wadda aka ɗora a tsakar gidanmu.

Ina tsaye cikin ramin, Oma ta dafa sandarta ta ce, "Ubana yana cikin hoton da ka goge. Da jan fenti a farce yake dawowa gida, uwata ta wanke kayansa a inda take dafa mana abinci. Hannunsa na rawa ya mutu. Na yi rantsuwa ba zan ƙara tsallako ruwan nan ba. Da 'yata ta sami aiki a sama, na zo na tsaya a kan masu haƙa, na yi musu tambaya har suka gaji da ni. Ban yafe wa wurin nan ba. Amma na ga in na ƙi zuwa, gubar ta ci ubana, ta kuma raba ni da jikata. Abu ɗaya ya ishi gubar."

Uwar yarinyar ta sauke hannunta. Ta ce, "Gaba in ka ga wani abu, ni za ka yi wa ihu, kada ka taɓa ta." Na ce na ji. Marike ta ce manjagarata tana inda na bar ta.

Da azahar na hau saman injin ɗaga kayan nan, inda ba hayaniya, na kira gida. Aka kai wa Inna wayar. Bayan gaisuwa na tambaye ta ko tun wancan lokaci an ƙara shigo da dutsen zinari gidan.

"Gidana? Wa ya isa? Ko takalmin mai zuwa haƙa ba shi wuce zaure. Sai ya tuɓe ya wanke waje."

"To ƙasar tsakar gida fa?"

Ta yi 'yar dariya. "Kai ba ka sani ba, don ba ka shigowa, daga zaure kaka juyawa. Tun shekarar da anka haihi takwarata, duk rani sai na yi sabon daɓe. Hulanin nan su ka kawo min ƙasa da amalanke daga wajen rugarsu, inda ba a taɓa haƙa ba. Mata su taya ni, mu zuba makubar ɗorawa mu buge."

"Da gwiwar taki, Inna?"

"Zaune nika yi. Na ce ko wata rana ka huce, kak ta zo ta iske gida ba shiri."

Ga jirage na wucewa, ga yara na ihu a yashi can ƙasa, ni kuwa ina sama ina kuka kamar ƙaramin yaro. Turawa sun ce mini ƙasarsu ta warke na yarda a safiya ɗaya, uwata ta yi shekaru tana faɗa mini da bakinta da hannunta ban ji ba.

Na ƙarasa karatuna, na ci gaba da shara har ranar da zan taho. Baba Awudu ya ba ni takalmin sanyinsa ya ce in kai Zamfara a ajiye a gidan tarihi. Oma ta ba ni ɗan cokalin tona yashi ta ce na Ummi ne.

Da na dawo ban yi gaggawa ba. Na roƙi wani abokin aikina da ke da irin na'urar nan, muka je ya auna gidan lungu lungu, har ƙarƙashin randa da bakin murhu. Ya ce lafiya lau. Sai muka jira ranar kasuwar da hanya ta lafa, muka bi ayarin mashina, ni da matata Rabi da Ummi.

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Tsakar gidan sumul, ja wur, ƙamshin makuba na tashi, don jin muna tafe ta sa an sake daɓen, gefe ɗaya ma bai gama bushewa ba. Na tsaya a bakin zaure da Ummi a kafaɗa. Na yi niyya, na yi shiri, amma hannuna ya ƙi sakinta.

"Sauke ta," in ji Inna.

Na sauke ta. Ummi ta yi tsaye tana kallon tsohuwar da ta fi sani a waya. Inna ta miƙo hannu biyu, yarinyar ta taka a hankali ta isa gare ta. Abu na farko da Inna ta yi, ta cire mata takalmi ta ajiye gefe. Ummi ta ji sanyin daɓen a tafin ƙafarta, ta ƙyalƙyale da dariya, ta kwasa a guje ta bi ta gefen da bai bushe ba, sawunta ya fito raɗau. Rabi ta ɗauko madaɓi za ta gyara.

"Aje shi," in ji Inna. "Wanga wuri ba mai taɓa min shi."